Ƙatuwar kabewar gasa ko tamu ta miyan taushe: wacce za ku shuka da yaro a Jidda?

Hajiya, kin ce ɗanki mai shekara 7 ya ga hoton wata kabewa da ake ɗagawa da mota mai ƙugiya, tun ranar ya hana ki sakat sai kun shuka irinta a hosh ɗinku na Jidda, wato tsakar gida. Kina tambaya ko ki yi odar irin waccan, ko ki cire 'ya'yan kabewar kasuwa ku shuka. Duka biyun na taɓa shukawa da jikana, mai gidan nawa, don haka bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Da farko ki san cewa ba taki ne ya mayar da waccan ƙatuwa ba, jininta ne haka. Sunan irin Atlantic Giant. Wani manomi mai suna Howard Dill, a garin Windsor na lardin Nova Scotia a Kanada, shi ya yi shekaru yana zaɓen iri daga mafi girma zuwa mafi girma har ya fitar da shi. Daga zuriyar irin nan ne wani Ba'amurke, Travis Gienger na jihar Minesota, ya kai kabewa mai kilo 1,247 gasar da ake yi a Half Moon Bay ta Kalifoniya a 2023. Tamu kuwa, wadda mutanen Hijaz ke kira dubba, wani jinsin ne daban. Ki dubi hancinta: mai tauri ne kamar itace, yana da kusurwoyi, ya baje inda ya kama jikin kabewar. Na ƙatuwar kewayayye ne mai laushi. Ko duk takin kasuwar tumaki kika zuba wa tamu, ba za ta kai inda waccan ke kaiwa ba.

Sai dai girma ba shi ne zai raba muku gardama ba. Zafi ne.

Ki lura da wuraren da ake samun waɗannan manyan: Kanada, arewacin Amurka, Ingila, Italiya. Lokacin noman su rana tana kai awa 15 ko fiye a sama, ga haske mai yawa, ga iska mai sanyi-sanyi. Mu a nan abu biyun ba sa haɗuwa. In muna da doguwar rana, to muna cikin zafin da ke dafa ganye. In sanyi ya sauka a Disamba da Janairu, rana ba ta wuce kamar awa 11 ba. Kuma ƙatuwar ba ta da jimirin zafi ko kaɗan: da zarar ya haura digiri 32 da safiyar da fure ya buɗe, barbara takan ƙi kamawa, 'yar kabewar ta yi ruwan ɗorawa ta faɗi. Haka ta faru da mu a shekarar farko. Irin ya iso a makare, muka shuka cikin Maris, yaɗo ya fito gwanin sha'awa, ganye kamar faranti. Ana shiga Mayu duk 'yar da ta fito sai ta zube. Mai gidan nawa ya yi kuka har da birgima, ya ce ni na yi musu baki. Tamu da ke gefen bango ko a jikinta. Da azahar ganyenta ya langaɓe, da magariba ya miƙe, ta ci gaba da ɗaure 'ya'ya.

Saboda haka in ƙatuwar kike so a Jidda, lokacinta ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, don furenta ya faɗo cikin sanyi, ku tsinka wajen Fabrairu ko Maris, tunda tana cin wata huɗu zuwa biyar. Mutanen Ɗa'if, da ke kan dutse sama da mita 1,800, su ne ke da sa'a a ƙasar nan, sukan iya jira sanyi ya wuce su shuka. Tamu ma ta fi son a shuka ta bayan zafi ya karye, amma tana yafe kuskure.

Ga batun fili da ruwa. Masu gasa sukan bar wa gindi ɗaya murabba'in mita 50 ko fiye, wato ya fi falon gidaje da yawa. Idan 'yar ta kama girma takan ƙara fiye da kilo 15 a rana guda, kuma kusan duk wannan nauyin ruwa ne, sai an shayar da ita ɗaruruwan lita kullum. Ke da kike jiran wayit, wato tankar ruwa, in ruwan unguwa ya ɗauke, ki yi lissafi tun yanzu. Tamu za ki iya ɗora ta a bango ko rumfa, bokiti biyu zuwa uku a rana sun ishe ta, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma yana yi, don ba shi da gishiri. Kar a ɗora ƙatuwar a kan sutuh, wato saman rufin gida, cikin tukunya. Saiwarta ba za ta sake ba, ƙarshenta ki samu abin da bai fi ƙwarya ba.

A tukunyar miya kuwa babu ma gasa. A shekara ta biyu mun samu ƙatuwa guda, ba ta kusanci ta hoto ba amma sai da mutum biyu suka kinkime ta. Na yanka na yi taushe. Ruwa tsululu, zare-zare, ba zaƙi ba garɗi, sai da na ƙara gyaɗa ninki biyu kafin miyar ta kama jikinta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Tamu naman ta ja ne mai kauri, kuma in ta nuna sosai takan yi watanni a ajiye ba ta lalace ba. Ga abin ba yaro labari a kanta: hadisin Anas ɗan Malik da ya ga Manzon Allah (SAW) yana bin gefen akushi yana tsintar dubba, da bishiyar yaƙɗin, wato dangin kabewa, da Allah ya tsirar wa Annabi Yunus a Suratus Saffat.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai inda ƙatuwar ta yi zarra, kuma wajen yaro ba ƙaramin abu ba ne. Ƙwayar irinta babba ce, hannun yaro yana iya riƙe ta ya goge gefenta da abin gyaran farce don ta yi saurin fashewa. Sannan girmanta ido na gani. Mai gidan nawa kullum da asuba sai ya ɗauki tef ɗin tela ya zagaye cikinta ya rubuta a bango, har ya iya ƙidayar santimita kafin a koya musu a makaranta.

Ni dai in ni ce ke, bana tamu zan shuka, amma in rene ta irin yadda masu gasa ke renon tasu. A haƙa rami a cika da takin tumaki da ya ruɓe sosai, ɗanye yana ƙona saiwa. A bar gindi ɗaya. Duk gaɓar yaɗon da ta kwanta a ƙasa a rufe ta da ƙasa, za ta yi sabuwar saiwa ta riƙa ja wa uwar abinci. Furen mace, mai 'yar ƙwallo a gindinsa, safiya ɗaya kawai yake buɗewa, kuma ƙudan zuma ba su cika shiga hosh ɗin cikin gari ba, don haka bayan sallar asuba yaron ya tsinko furen namiji, ya zare masa riga, ya goga tsinken cikin na macen. In 'ya'ya biyu ko uku sun kama, a zaɓi mafi ƙarfi a cire sauran. Nan za a yi rigima da shi, ki shirya. A shimfiɗa yashi a ƙarƙashinta, a yafa mata farin tsumma don kar rana ta busar da fatar ta tsage. Ki riƙa ɗaga ganye kina duba farin ƙuda da farar ƙurar nan mai kama da gari, musamman da yake Jidda akwai laima.

Tana kai girman lemo babba, ki ba shi tsinke ya karce sunansa a fatarta sama-sama, kar ya nutsa. Rubutun zai warke ya yi tabo, ya riƙa faɗaɗa tare da ita har ranar da hancin ya bushe kuka tsinka. Tamu ta bara, da ƙyar ya yarda aka sa mata wuƙa, kuma sai da aka yanke masa ɓangaren da sunan yake ya ajiye a saman firji.