Na kai fitilar Tilley da rishon mahaifina gyara a Katsina, ga abin da na gani

Da aka zo rabon kayan ɗakin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, babu wanda ya waiwayi wani tsohon akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gado. Ni na ɗauka. A ciki na iske fitilar famfo ƙirar Tilley, irin wadda tsofaffi ke ce wa fitilar gas, da rishon tagulla mai ƙafa uku ƙirar Primus, an naɗe kowanne cikin tsohon zane. Shi malamin allurar shanu ne tun zamanin En'e, ya sha rangadi a rugage daga Mashi zuwa Kaita har bakin iyaka, kuma kayan nan biyu su ne abokan kwanansa a daji. Ya ajiye aiki jim kaɗan bayan an ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, ina jin tun lokacin ba a sake kunna su ba.

Ina da gona a kan hanyar Daura inda nakan kwana da kaka, don haka ba ado nake so in yi da su ba, aiki nake so su yi.

Kuskuren farko shi ne kai rishon wurin wani mai gyaran janareto a unguwarmu. Ya ga ɗan idon da kananzir ke fita, wanda masu gyara ke kira nozul, ya toshe, sai ya sa allurar ɗinki ya zungure shi. Toshewar ta tafi, amma ramin ya buɗe fiye da ƙima. Da muka kunna sai wuta ja ta tashi kamu biyu, hayaƙi ya turnuƙe shagon, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin cikin minti ɗaya. Ya ce mani ai rishon ne ya tsufa, in sai da shi ga 'yan gwangwan. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ba tsufa ba ne, hannu ne ya taɓa inda bai sani ba.

Wani mai shayi a Ƙofar Marusa ne ya kwatanta mani wani dattijo da ke zama a wani lungu kusa da tsohuwar kasuwa. Ba shi da allon suna. Rumfar kwano ce, da benci, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi da washa, da tsofaffin fitilun ƙwai rataye a igiya. Yawancin aikinsa yanzu liƙin butoci ne da gyaran tocila da risho mai lagwani, amma da na kwance zanen ya ga Tilley sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Malam, wannan ta gidanku ce ko saye ka yi?"

Na ce ta mahaifina ce. Ya yi mashi addu'a, sannan ya ce, "To bari mu tambaye ta abin da ke damunta."

Abin da ya sa nake rubuta sharhin nan ke nan: Baba, wato dattijon nan, ba ya kintace. Kafin ya kwance ko kusa ɗaya sai da ya ɗora fitilar a kan wani shafaffen katako ya taɓa ta da yatsa, ya ga ko tana rawa. Ya ce irin waɗannan idan an cika musu iska fiye da ƙima gindin tankin kan kumburo, in ya kumbura kau ba ya sa hannu, don tankin da ya sake ba abin amincewa ba ne. Tawa ta zauna daram. Sai ya zazzage tsohon man da ke ciki, wanda ya koma ja mai danƙo kamar zuma, ya ɗauraye tankin da sabon kananzir har sau uku, yana tacewa da ƙyalle yana nuna mani dauɗar da ke fita.

Famfon fitilar da na rishon duk ba sa kama iska. Ka tura sandar ta tafi salalaf. Ya zaro ta, ya nuna mani 'yar fatar da ke bakinta, mai siffar ƙaramin ƙoƙo, ta bushe ta tsage. Ba a sayar da irinta a kasuwa yanzu, shi yake yi da kansa. Yana karɓo guntayen fata wurin dukawa, ya yanka da'ira, ya jiƙa ta da ruwa, ya danna ta cikin wani ƙarfe mai rami daidai faɗin bututun famfon, ya ɗaure ta kwana. Da safe ta ɗauki siffa, sai ya gyara bakin da reza ya tsoma ta a mai ta sha. Na riƙe sabuwar da tsohuwar a tafin hannuna. Abu bai kai girman ƙwallon dabino ba, amma shi ne ya kwantar da risho shekara talatin da wani abu.

A can ƙarshen bututun famfon Primus akwai wani ɗan bawul mai barin iska ta shiga tanki, ya hana mai dawowa. Cikinsa 'yar roba ce da ba ta kai ƙwayar dawa biyu ba, da siririn sifirin. In robar ta ƙandare, kananzir kan biyo bututun famfo ya fito waje alhali wuta na ci a sama, wannan kuwa shi ne haɗarin da ya fi kowanne a irin rishon nan. Baba yana da wani dogon mabuɗi da ya ƙera da kansa daga tsohuwar kusa, shi kaɗai ke isa wurin. Nawa ya cije. Bai tilasta shi ba, ya ɗiga mai ya ce in dawo jibi. Robar da ya sa ma ba ta tsohon tif ɗin taya ba ce, wadda na ga wasu na yankawa. Ya ce robar tif kumbura take yi ta narke in ta sha kananzir, shi irin wadda masu gyaran famfon mai na mota ke aiki da ita yake nema. Da ita ya yanka wa murfin tankunan biyu sabbin washa.

Sai gwajin da ya fi kwantar mani da hankali. Ya rufe komai, ya buga iska a tanki ba mai a ciki, ya nutsa shi cikin bokitin ruwa. Muka sunkuya mu biyu muna kallo. Tankin fitilar shiru. Na rishon kuwa sai ga wasu ƙananan kumfa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga wuyan da kan rishon ke zama. Ya sauya washar wurin, ya sake nutsawa, ruwa ya kwanta. Ya ce da a jikin tagullar kanta kumfar ke fita, wato ta yi tsagar nan siririya da tsohuwar tagulla kan yi, da sai ya ce in kai shi gida in ajiye don tunawa da Malam, wato mahaifina, ba zai liƙe tankin da ake matsa wa iska da dalma ya ba ni in kunna kusa da 'ya'yana ba. Mutumin da ke iya cewa ba zai karɓi kuɗinka ba saboda lafiyarka, ni dai a wurinsa zan ci gaba da kai kayana.

Nozul ɗin da wancan ya ɓata ba ya gyaruwa, sai sauyi. Baba ya tona gwangwanayensa ya samo wani daga mataccen risho. Ya haɗa mani da allurar risho ta ainihi, 'yar waya siririya kamar gashi a bakin ɗan falle, ya ce ita kaɗai za ta riƙa shiga ramin nan.

Wanda bai san yadda waɗannan kaya ke aiki ba zai yi zaton lagwani ne a ciki. Babu lagwani. Iskar da ka buga ita ke tura kananzir sama ta cikin bututun ƙarfe mai zafi, zafin ya mai da shi tururi, tururin ya feso ta nozul ya gauraya da iska ya kama wuta shuɗiya marar hayaƙi. Shi ya sa dole a fara ɗumama kan da sifirit, irin wanda ake samu a kemis, kafin a taɓa famfo. Wanda ya yi gaggawa ruwan mai zai feso, wuta ta tashi. Wani Basuwidi, Frans Wilhelm Lindqvist, shi ya fito da rishon Primus a Stockholm a 1892, kuma irinsa Roald Amundsen ya tafi da shi lokacin da ya isa ƙuryar kudancin duniya a 1911. Abin da ya dafa wa mutane abinci a kan ƙanƙara shi ne ya dafa wa mahaifina shayi a rugar Fulani cikin hunturu. Tilley kuma kamfanin Ingila ne, wanda ya koma Belfast a farkon shekarun 1960. Hasken fitilarsu ba daga harshen wuta yake fitowa ba, daga 'yar farar rigar nan ne da ake ɗaurawa a ciki, wadda Carl Auer von Welsbach na Ostiriya ya ƙirƙiro a 1885. Sabuwar riga ana fara ƙona ta ne ta koma toka mai riƙe siffarta, daga nan ko ƙuda ya bangaje ta sai ta rushe. Na da can da sinadarin toriyom ake jiƙa su, mai ɗan tururin nukiliya, don haka tsofaffin riguna biyu da na iske a akwatin ban bar yara sun yi wasa da su ba, kuma in riga ta fashe ba na hura tokarta da baki.

Yanzu inda aikin Baba ya gaza. Yana da jinkiri. Ya ce mani kwana huɗu, aka yi sati uku, na yi sawu biyar, sau biyu na iske rumfar a rufe kuma ba shi da waya a hannu sai ta jikansa. Na biyu, bututun tsakiyar Tilley, inda mai ke zama tururi, kunkunniya ta cika shi. Wannan bututu asalinsa sauya shi ake yi in ya gaji, amma babu sabo a Katsina. Ya gasa shi a wuta, ya ƙwanƙwasa, ya zazzage baƙin, ya miƙar da siririyar wayar da ke ciki. Ya yi aiki, sai dai ya gaya mani gaskiya cewa lallaɓawa ce. Haka kuwa aka yi, bayan kamar wata biyu hasken ya fara numfashi, ya ƙaru ya ragu. Na uku, rigunan da ya sayar mani marasa ƙwari ne, uku cikin biyar sun yage tun a ƙonawar farko. Wannan ba laifinsa ba ne kacokan, abin da ke kasuwa ke nan, amma da ya faɗa mani da na sayi da yawa. Duka aikin da kayan naira 14,000 ya karɓa, ban yi ciniki ba, don na ga wahalar da ya sha a kan bawul ɗin nan kaɗai.

Ranar da na je ɗauka wani saurayi ya kawo fitilar Coleman da ya saya a gwanjo, yana cewa ya zuba kananzir ta ƙi ci. Baba ya ce mashi yawancin na Amurkan nan da wani farin mai dangin fetur suke aiki, ba kananzir ba. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma taka, ko da wasa kada fetur ya shiga cikinta." Ya ƙara da gargaɗi kan gurɓataccen kananzir da ake gauraya wa fetur, wanda ya ƙona gidaje da mutane da dama a ƙasar nan. Tun daga ranar wuri ɗaya nake sayen mai, kuma sai na shinshina kafin in zuba.

Na yi kakar bana da su a gona. Rishon ba shi da na biyu a wurina. Yana ruri kamar ƙaramin jirgi, har sai ka ɗaga murya in kana magana kusa da shi, amma butar shayi tana tafasa kafin ka gama yanka burodi, gindinta kuma fes. Iskar hunturu kan wahalar da shi lokacin ɗumamawa, sai na kare shi da faifai ko buhu, in ya kama kuwa shi ke nan. Kashe shi ma ba wuya, ka murɗa ɗan kusan da ke jikin murfi, iska ta fita, wuta ta mutu nan take. Fitilar kuma na rataye ta a reshen gawo muna ɗaurin damman gero bayan isha'i, ta haska masussukar gaba ɗaya, fari tas, har ana tsintar zangarniyar da ta faɗi. Ciko ɗaya ya kai mu dare biyu na aiki. Tana tara ƙwari, tana da zafi sosai a sama, kuma ba na kunna ko ɗaya daga cikinsu a rufaffen ɗaki, don suna cinye iskar numfashi.

Ba zan ce wa kowa ya bar fitilar sola ya koma wannan ba. Kananzir yanzu ya fi fetur tsada, a wasu unguwanni ma sai ka yi yawo kafin ka samu. Don karatun yara da dare sola ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma wanda ke da Tilley ko 'yar'uwarta Petromax ko Primus na gado kwance a ɗaki, in tankin lafiya yake, abin da ya mutu a ciki fata ce da roba, kuma akwai mai iya tashinsu a garin nan. Na kwaikwayo masu siririn kwano da tsatsa ta ci gindinsu kam, kada ma a ɓata kuɗin mota.

Daren da na fara kawo rishon gida na kunna shi a tsakar gida bayan magariba. Hajiya tana ɗaki tana lazimi. Da rurin ya tashi sai ta ɗaga labule ta fito, ta tsaya tana kallon wutar. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Haka yake yi in Malam zai fita rangadi da asuba." Ta sa aka ɗauko mata kujera, ta ce in ɗora ruwa. Ita ta haɗa shayin da kanta, da citta da kanumfari.

Na ba wani direba da ke zuwa Kano da Maraɗi sallahun sabon bututun tsakiyar fitilar, na ba shi hoton tsohon da tsawonsa a rubuce. In ya samo, wurin Baba zan kai a ɗaura.