Inshorar lafiyar Japan ta fitar da ni kunya, amma fanshonsu har yau yana ci mini rai

Saboda ƙannenmu masu samun gurbin karatu a Japan na rubuta wannan, musamman masu tafiya da iyali. Tun da na dawo Kano, duk mai shirin tafiya da ya same ni a majalisarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi tambayarsa ɗaya ce: wai dole ne sai an shiga inshorar lafiyar gwamnati? Dole ne. Baƙon da zai zauna sama da wata 3 ba shi da zaɓi, kuma cikin kwana 14 da kama gida ake so ya je ofishin ƙaramar hukuma ya yi rajista. Abin da ka samu bara da shi ake yanka maka kuɗin bana. Tallafin karatu ba ya shiga lissafin, don haka aka rage mana kashi 70 na kuɗin. In ka je asibiti ka biya kashi 30, inshora ta ɗauki sauran.

Ban san darajarta ba sai a ƙarshen 2023, lokacin da maiɗakina take da tsohon ciki. Cikin dare jini ya ɓalle mata. Na kira 119 jikina yana rawa, motar asibiti ta zo ta ɗauke mu, kuma ko yen ɗaya ba a karɓa a kan motar. Muna isa likita ya duba ya ce sai an yi mata aiki yanzu-yanzu. Takardar amincewa kawai aka miƙo mini na sa hannu. Ba wanda ya ce in je kanta in biya in kawo rasit. Ba a rubuto mini safar hannu da ruwan ƙari da zaren ɗinki in je in sayo ba, ba a ce in nemo masu ba da jini ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin tiyata a garin nan da takarda a hannu, yana kiran 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya a haɗa kuɗi, ya san nauyin da aka sauke mini a daren.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don na san ranar sallama tana nan tafe. Da na kira gida, Hajiya cewa ta yi, "Kada ka ɓoye mana komai. In kuɗi ne ka faɗa, yayanka ya je Wapa gobe a tura maka." Na ce, "Hajiya, ku dai ci gaba da yi mana addu'a." A raina kuwa lissafin filin da zan sayar nake yi.

Wata ma'aikaciyar asibitin ce ta zaunar da ni ta warware mini komai, da taimakon tafinta a waya. Haihuwa da kai ba ciwo ba ce a wurinsu, inshora ba ta biyan kuɗinta. Maimakon haka akwai kuɗin haihuwa da ake bai wa duk mai inshora, yen 500,000 tun daga Afrilun 2023, kafin nan 420,000 ne. Aikin fiɗa kuwa yana cikin inshora, kuma akwai iyakar abin da mutum zai biya a wata komai tsadar jinyar. A lokacin, gidan da ba ya biyan harajin mazauna gari, irin namu, iyakarsa yen 35,400 ce. Kuɗin haihuwar kai-tsaye aka tura wa asibitin, ya cinye kuɗin aikin da na gado da abinci, ragowar kuma daga baya ta shigo asusuna. An yi wa matata aiki, ta kwana sama da mako guda, an kula da jariri, na fito ban ci bashin kowa ba. Wallahi a bakin kantar biyan kuɗi hawaye suka zubo mini. Bayan an yi wa yaron rajista aka fara biyan tallafin yara, yen 15,000 a kan kowane wata, kamar kowane ɗan ƙasa.

In da a nan aka tsaya, da maki goma cif zan ba su. Sai dai da na zauna rubutu abubuwa suka riƙa dawo mini. Iyakar nan ta wata-wata da kalanda ake ƙirga ta. Mu an kwantar da ita ƙarshen wata, aka sallame ta cikin sabon wata, sai lissafin ya rabu biyu. Wanda ciwo ya kama farkon wata ya fi wanda ya kama shi ƙarshen wata sauƙi, kuma ban ga adalcin hakan ba. Likita mace ma ba ka da tabbacin samu, abin da ya dami maiɗakina tun lokacin awo. Abinci sai da na riƙa dafowa daga gida, don nasu ba mu natsu da shi ba. Akwai wani ƙaramin asibitin unguwa da ya mayar da mu da yaro yana zazzaɓi, wai sai mun zo da mai jin Japananci, alhali katinmu yana hannu kuma ba a bin mu ko sisi. Ka ce za ka wuce babban asibiti ba takardar turawa, a ƙara maka yen 7,000 ko fiye wanda inshora ba ta biya.

Babban ciwon shi ne fansho. Da na gama karatu na kama aiki, duk wata ana zare kashi 9.15 na albashina, mai aikin ya ƙara kamarsa. Sai ka yi shekara 10 kana zubi kafin ka cancanci fanshon tsufa, kuma babu yarjejeniya tsakaninsu da Najeriya da za ta sa a haɗa shekarun da na asusun fanshonka na gida. Kamar adashin da ka san ba za ka kai ranar kwasarka ba. Mai barin ƙasar zai iya neman a mayar masa da wani abu cikin shekara 2, in ya yi zubin wata 6 ko fiye. Amma wata shida-shida ake ƙirgawa, 'yan watannin da suka hau kai sun tafi ke nan, kuma iyakar lissafin wata 60. Sannan a cire harajin kashi 20.42 tun kafin kuɗin su taso. Kana iya karɓo harajin, amma sai ka naɗa wakili mazaunin Japan da zai cike maka takardu. Ni wani abokina ɗan Indonesiya ne ya taimaka, Allah ya saka masa da alheri.

Daga Kano na aika takardun, na yi watanni ina leƙa asusuna na dala, ina sintiri banki ana ce mini ba abin da ya shigo. Ban samu lambar da zan kira a yi mini bayani da harshen da nake ji sosai ba. Da kuɗin suka zo, kason da mai aikina ya zuba da sunana ba ya ciki.

Inshorar lafiyar na ba ta tara cikin goma, kuma mai tafiya da mata kada ya yi wasa da ita ko na wata ɗaya. Fanshon huɗu na ba shi. Kafin ka baro ƙasar ka tanadi wakilin harajinka, ka riƙe lambar fanshonka, ka je ofishin ƙaramar hukuma ka sanar da su za ka tafi, don in adireshinka yana nan a rajista ba za su biya ka ba.