Waya mai kibod irin ta BlackBerry, a karanta kafin a kai kuɗi kasuwar waya ta PZ a Zariya

Rannan muna zaune wajen mai shayi a Samaru bayan isha'i, na fito da wayata mai kibod ina amsa saƙo, sai wani ƙanin abokina ya miƙo hannu yace yaya dan Allah mu gani, wai har yanzu ana yin irin waɗannan? Ya jujjuya ta, ya danna botin biyu uku, ya ji yadda suke ƙas ƙas a ƙarƙashin yatsa, take yace shi ma irinta zai nema gobe gobe. Nace masa tsaya tukuna. Ba shi kaɗai bane, mutane da yawa in sun ganta sai zamanin BB ya dawo musu, lokacin da ake tambayar juna bani pin ɗinka, amma sha'awa daban, riƙe waya kullum daban, toh shine nace bari in zauna in rubuta abun da na sani tunda na ɗan jima ina fama da irin wayoyin nan.

Na farko dai wanda nake so kowa ya ji da kyau: kar ka sayi tsohuwar BlackBerry mai tsarinsu na da. Ina nufin su Curve, Bold 9900, Q10, Classic da Passport. Kamfanin, wanda yake a Kanada, ya kashe sabis ɗin waɗannan wayoyin tun 4 ga Janairun 2022, WhatsApp kuma ya daina aiki a kansu tun ƙarshen 2017, shi kansa BBM ɗin da muke kewa, wato app ɗinsu na chat, an rufe shi a watan Mayun 2019. Zaka iya ganinta a gilashin shago tana ƙyalli kamar sabuwa, kuma a sake maka ita da arha, amma ba app ɗin banki, ba WhatsApp, wallahi gara ka sayi ƙaramar Nokia mai tocila ka san kira kawai ka saya.

Waɗanda za a iya magana a kansu sune masu Android. BlackBerry sun fara da Priv a 2015, wadda ake turo kibod ɗin daga ƙasa, ita kam ta tsufa sosai a barta. Sai KEYone ta 2017 da KEY2 ta 2018, waɗannan kamfanin TCL na China ne ya ƙera su da sunan BlackBerry, kuma yarjejeniyarsu ta ƙare a 2020. In maganar daɗin rubutu ake, ni dai ban taɓa taɓa abun da ya kai KEY2 ba. Botin ɗin suna da ɗan tudu ta yadda yatsa yake gane inda yake ko baka duba ba, kibod ɗin kuma yana jin shafa, wato in kana karanta dogon rubutu sai ka shafa saman botin ɗin shafin ya dinga tafiya ba sai ka rufe sikirin da yatsa ba. Wajen sa yatsa na buɗe waya a cikin dogon botin na sifes yake. Sannan kowane harafi zaka iya ɗaura masa aiki, ka danna W ya buɗe WhatsApp, ka danna U ka riƙe ya kira Umma. Sikirin inci 4.5, batir 3500mAh, RAM 6GB. Da ta fito dala 649 aka sa mata.

Matsalarta ɗaya ce amma babba ce, ta tsaya a Android 8.1 kuma nan zata mutu. WhatsApp dai yana tafiya a kanta, amma apps ɗin kuɗi kullum ƙara matsawa gaba suke, kuma ba a turo mata gyaran tsaro, toh mutum ya yi tunani kafin ya zuba asusunsa a wayar da aka daina kula da ita shekaru. Ga batir, duk KEY2 da zaka samu yau batirinta ya shekara da shekaru ko da a kwali take. In dai zuciyarka ta nace, ka nemi mai lamba BBF100-6, ita ce mai layi biyu, dan mu nan waye yake yawo da layi ɗaya? Akwai kuma KEY2 LE mai ɗan sauƙin kuɗi, sai dai ita kibod ɗinta baya jin shafa.

Sai Unihertz, wani ƙaramin kamfani na China wanda a gaskiya shi ya riƙe wannan harkar bayan kowa ya watsar. Titan ta farko ta 2019 dutse ce, batir 6000mAh, bata tsoron ruwa da ƙura, amma nauyinta ya haura giram 300, in ka sa ta a aljihun kaftani sai ya rinjayi wuyan rigar gefe guda. Titan Pocket ta 2021 ƙarama ce mai sikirin inci 3.1 da batir 4000mAh, kuma saboda ƙanƙantar sikirin ɗin cajinta yana daɗewa sosai, wanda duk mai zama a unguwar da wuta take zuwa da rabon gado ya san darajar wannan. Titan Slim ta 2022 doguwa ce siririya, botin ɗinta sun matsu, mai manyan yatsu zai sha wuya. Sai Titan 2 ta 2025, ita ce wadda zan iya cewa mutum ya riƙe a matsayin babbar wayarsa: Android 15, 5G, layi biyu, batir 5050mAh, sikirin inci 4.5 mai kusurwa huɗu daidai wa daida irin na Passport, har da wani ɗan ƙaramin sikirin a baya. Kyamararsu dai duka a ce alhamdulillahi kawai, mai sayar da atamfa ko takalma a status da yake buƙatar kala ta fito sak ba tashi bace. Kuma sai dai ka yi oda ko ka sa wani ya taho maka da ita, ba irin wayar da zaka shiga PZ ka ce a ɗauko bace.

Akwai kuma Clicks, shi ba waya bane, kwas ne mai kibod a ƙasa da ake zura waya a ciki. Ya fito a farkon 2024 dan iPhone, farashi daga dala 139, daga baya suka yi wa wasu Android kamar Motorola Razr da Pixel 9 da Galaxy S25. Ta wajen caji yake haɗuwa da wayar, ba ruwansa da Bluetooth. Amfaninsa shine kana nan da wayarka ta zamani da kyamararta da komai, kibod ɗin kan sikirin kuma ya ɓace ka samu fili. Sai dai wayar tana ƙara tsawo har ta yi kamar rimot, kuma babu na Tecno ko Infinix ko itel, toh kaga yawancinmu an riga an fitar damu.

Yanzu bari in zo kan abun da yafi damuna, wanda masu bayanin wayoyin nan na waje ba zasu taɓa faɗa maka ba saboda ba Hausa suke rubutawa ba. Kibod ɗin nan haruffan Turanci 26 ne a kai, babu ƙ babu ɗ babu ɓ. A wayar shafa in ka sa Hausa a Gboard, danna k ka riƙe kawai ƙ ta fito. A mai botin kuwa sai dai ka kira kibod ɗin kan sikirin ya fito ka ɗauko harafin ka koma, ko ka zauna ka shirya gajerun hanyoyi a ƙamus ɗin wayar. Wani zai ce ai mu a chat bama sa ƙugiya, gaskiya ne, amma in kai malami ne mai rubuta darasi, ko ɗalibin sashen Hausa, ko mai rubuta labari, ka san baki daban baƙi daban, kasa daban ƙasa daban, kuma abun kunya ne ka tura rubutu mai muhimmanci ace an rasa gane wanne kake nufi. Haka malaman Islamiyya da almajiran ilimi, Zariya kuwa Allah ya yi mana yawansu, in kana yawan rubuta aya ko hadisi da Larabci toh botin ɗin ba zasu taimake ka ba sai in ka dace da irin wadda aka yi wa ƙasashen Larabawa mai haruffan a jiki.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai daɗin da Bahaushe zai ji. Wayar shafa ta dogara ne da gyaran kalma na kanta, kuma da Turanci take tunani, ka rubuta "sai" ta maida maka "said", ka rubuta "ina" ta raba shi biyu. In ka kashe gyaran kuma sai kuskuren yatsa ya yi yawa. A botin abun da ka danna shi ne ya fito, harafi bayan harafi, kana iya tafiya daga Kwangila zuwa Tudun Wada a cikin Keke ana ta jijjiga ka gama dogon saƙo ba kuskure. Amma kar kowa ya ce maka sauri zaka ƙara. Wani bincike da jami'o'in Aalto da Cambridge da ETH Zurich suka fitar a 2019 a kan mutum wajen 37,000 ya nuna masu rubutu da manyan yatsu biyu a wayar shafa suna yin kalma 38 a minti, wato yaran yanzu sun riga sun yi nisa. Ni abun da na samu natsuwa ce da ƙarancin goge kuskure, ba gudu ba, kuma sai da na yi kusan sati biyu kafin hannuna ya saba.

Sai maganar lamba. A kibod irin na BlackBerry babu layin lambobi daban, suna kan haruffa ne, 1 a kan W, 2 a kan E, 3 a kan R, haka har 9 a kan C, sai ka haɗa da alt kafin su fito a cikin rubutu. Lambar asusu guda 10 ce, NIN 11, lambar waya 11, toh mai POS ko mai shagon da yake shigar da lambar asusu sau hamsin a rana ya tuna da wannan, shi manyan lambobin kan sikirin sun fi masa.

Sikirin ɗin ma abun dubawa ne. Kusan duk app na yanzu dan doguwar waya aka yi shi. A sikirin mai kusurwa huɗu bidiyon TikTok da status sai ya tsuke a tsakiya ko a yanke masa kai, wani lokacin ma app ɗin banki sai ka cike komai ka nemi wajen danna tura ka rasa, ya ɓuya a ƙasa. In kai mai kallon ƙwallo ne ko fim a waya, ko kuma duk hirarka da voice kake yi kamar yawancin iyayenmu da 'yan kasuwa, gaskiya ka riƙe kuɗinka.

Gyara kuwa, nan ne na sha wuya da kaina. Akwai wata mai botin da na riƙe a baya, hunturu ya shigo da ƙurar nan tamu mai shiga ko'ina, sai harafin a ya fara ƙin dannuwa, in na danna a hankali shiru, in na matsa da ƙarfi ya fito sau uku. Ka yi tunanin rubuta Hausa babu a. Na kai wa wani injiniya, ya buɗe ya busa ya goge da burushi da ɗan sifirit, ta yi kwana huɗu ta koma, yace Malam sai dai a canja kibod ɗin gaba ɗaya kuma wallahi ko Farm Centre ka je Kano da wuya ka samu, sai dai a yi oda. Wata guda na yi ina jira. Mai Tecno in sikirin ɗinsa ya fashe da safe, kafin la'asar an sa masa wani. Tun daga nan duk wadda zan saya sai na fara tabbatar ana samun kibod da sikirin ɗinta ko da ta intanet ne, kuma da hunturu a cikin 'yar jaka nake sa ta.

In tokumbo zaka saya, kar ka biya sai ka buɗe wajen rubutu ka danna kowane boti ɗaya bayan ɗaya, musamman sifes da na gogewa dan su suka fi shan wahala. Ka duba layin farko ya fara da QWERTY, saboda waɗanda suka fito daga Faransa AZERTY ne, na Jamus kuma QWERTZ, haruffan sun canja waje. Ka rufe ta da tafin hannu ka ga ko fitilar botin tana kamawa. Ka sa layinka ka ga 4G ya hau, musamman mai Glo tunda nasu a kan band 28 yake kuma ba kowace waya ke ɗaukarsa ba. Ka sauke app ɗin bankinka a nan gaban mai shagon ka shiga. Ka kalli bayanta ko ya kumbura, ka tabbatar ba akawun ɗin Google na wani a ciki, kuma ka karɓi rasit.

Shi ƙanin abokin nawa da na tambaye shi me yake yi da waya, sai yace project yake rubutawa, yana shekarar ƙarshe a ABU kuma bashi da laptop. Nace masa toh kai ba wayar nan kake buƙata ba, ka riƙe Infinix ɗinka ka nemi ƙaramin kibod na Bluetooth mai naɗewa, ko ma na kwamfuta na yau da kullum ka haɗa shi da wayar ta ɗan mahaɗin nan na wajen caji da ake cewa OTG, ka jingina ta a kan littafi ka yi rubutu da yatsu goma, kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin goma na Titan ba. Yayansa kuma da yake harkar hatsi, wanda wuni yake yana rubuta wa 'yan kudu lissafin buhu da farashi yana kuma kukan caji, shi nace ya gwada Titan 2 in aljihu zai ɗauka, amma kar ya sayar da tsohuwar wayarsa sai ya yi wata guda da sabuwar ya ga bankinsa yana buɗewa lafiya.