Kat-bak ko turbo-bak: wanne ya dace da motar da ake hawa kullum?

Malam, ka ce motarka Golf GTI ce mai injin lita 2.0 da turbo, da ita kake zirga-zirgar yau da kullum, kana yin doguwar tafiya da ita jefi-jefi, kuma garantin kamfani bai ƙare ba. Kana son murya mai daɗi da ɗan ƙarin ƙarfi, ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin salansar da ake kira kat-bak da wadda ake kira turbo-bak. Abubuwa biyun nan da kake nema ba a wuri ɗaya suke zaune a jikin bututun ba. Ƙarfi yana can gaba, dab da turbo. Murya tana baya. Shi ya sa zaɓin yake ba mutane wahala.

Bi hayaƙin daga inda ya taso. Yana fitowa daga inji ya juya farfelar turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, sai ya faɗa bututun farko da ake ce wa dawunfayif. A motarka, cikin wannan bututun katalis yake, wato abin da ke tace gubar hayaƙi, tare da na'urorin auna oksijin. Daga nan sai bututun tsakiya mai ɗauke da ƙaramar tukunyar rage amo, rezoneta ke nan, sannan babbar tukunyar baya da bakunan da ake hangowa a ƙarƙashin bamba. Kat-bak yana canja duk abin da ke bayan katalis, ya bar gaban yadda kamfani ya yi shi. Turbo-bak kuwa yana kwashe komai tun daga bakin turbo. Akwai na uku, aksul-bak, mai canja tukunyar baya kaɗai, amma wannan murya da ado ne zalla, ba sai mun daɗe a kansa ba.

Mu fara da ƙarfi, tunda nan aka fi yi wa masu saye alkawarin da ba ya cika. Farfelar turbo tana juyawa ne saboda bambancin matsi tsakanin gabanta da bayanta. Duk abin da ya tokare hayaƙi a baya yana rage wannan bambanci, kuma ba daidai wa daida yake ragewa ba: matsin da ya taru a bayan farfela yana ninkuwa a gabanta gwargwadon yadda take faɗaɗa hayaƙin. Idan tana aiki a kan ninki biyu, ƙarin matsi ɗaya a baya zai zama kusan biyu a bakin bawul ɗin inji, fistin ya riƙa wahala wajen turo hayaƙi waje, zafi kuma ya taru. Saboda haka maganar nan da wasu makanikai ke yi cewa inji yana bukatar ɗan matsi a salansa don kada ya rasa ƙarfin tashi, asalinta daga injin da ba shi da turbo ne, inda gudun hayaƙi da bugunsa a bututu ke taimaka wa silinda ta zuƙi sabuwar iska. Ko a can ɗin ma gudun hayaƙin ake nema, ba matsin ba. A inji mai turbo, farfela ta riga ta daddatsa wannan bugu, abin da ya rage kawai shi ne a ba hayaƙi hanya.

To ina aka fi toshe hanyar? A katalis ɗin kamfani. Yawancinsu na tangaran ne, masu ƙananan ramuka 400 zuwa 600 ko fiye a kowane murabba'in inci, kuma yana zaune a inda hayaƙi ya fi zafi, ya fi kumbura. Dawunfayif na kasuwa yana zuwa da katalis na ƙarfe mai ramuka 200 ko 300, a cikin bututu mafi faɗi. Nan ne turbo ke samun sarari: yana saurin ɗaukar wuta, ƙarfin yana zuwa da wuri, kuma idan an sake saita kwamfutar inji ana iya ƙara matsin iska ba tare da zafi ya wuce kima ba. Kat-bak bai taɓa wannan wuri ba. A motar da ba a yi wa komai ba, abin da yake ƙarawa ɗan kaɗan ne, sau da yawa bai wuce bambancin da ake gani tsakanin gwaji da gwaji a kan injin auna ƙarfi ba. Wanda ya ce maka ya sa kat-bak motarsa ta zama wata daban, kunnensa ne ya gaya masa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai dai ƙarfin turbo-bak yana zuwa da jela. Na'urar oksijin ta bayan katalis aikinta ke nan ta duba ko tacewa na tafiya daidai. Da ta ga hayaƙin bai tsabtatu kamar da ba, sai fitilar inji ta kama, in an sa kwamfuta a ga lambar P0420. Wasu katalis masu ramuka 200 na ƙwarai suna wucewa lafiya, masu araha kuwa ba safai ba. Bayan haka dole a sake saita kwamfutar inji ta san sabuwar hanyar, abin da masu harkar ke kira mataki na biyu. Idan ba a yi ba, ka biya kuɗin ƙarfin da ba ka karɓa ba, kuma a wasu motocin da ƙofar sakin hayaƙin turbonsu ƙarama ce, matsin iska kan zarce inda aka tsara masa a babban gudu, abin da ke iya illata inji. Da an saita kwamfutar kuma, maganar garanti ta taso: Volkswagen na da alamar TD1 da ake liƙa wa motar da aka gano an taɓa manhajar injinta, kuma daga nan gyaran inji ko giya a ƙarƙashin garanti ya zama abin jayayya. In motarka mai giyar hannu ce, ƙara da kuloci a lissafi, domin na kamfani ya yi suna wajen zamewa idan ƙarfin juyi ya ƙaru sosai. Kat-bak ba ya jawo ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ya kusantar na'urar oksijin, ba ya neman saiti, fitila ba ta kamawa.

Doka ma haka ta raba su. A Amurka dokar tsabtar iska ta hana cire ko lalata kayan tace hayaƙi a motar da ke hawa titi, jihar Kalifoniya kuma tana neman lambar amincewar hukumarta ta CARB a kan irin waɗannan kayan, ga iyakar ƙara ta desibel 95. A Ingila mota na faɗuwa gwajin shekara-shekara idan an cire katalis ɗin da ta zo da shi. Motocin fetur da aka sayar a Turai daga wajajen 2018 yawancinsu suna da matatar ƙura a bututun, ita ma cire ta laifi ne. Duba abin da dokar inda kake ta ce kafin ka biya. Dawunfayif mara katalis gaba ɗaya kuwa ban ba ka shawararsa ba ko da babu mai kama ka: wari yana shiga mota a cunkoso, bamba tana yin baƙi, wanda ke bayanka yana shaƙar guba, kuma ratar ƙarfi tsakaninsa da mai ramuka 200 ba ta taka kara ta karya ba a turbon kamfani.

Yanzu murya, inda nake ganin ya kamata ka fi ɓata lokacin tunani, domin da ita za ka zauna kullum. Turbo da kansa mai rage ƙara ne, yana cinye kaifin bugun hayaƙi, shi ya sa motoci masu turbo suke da murya mai kauri da laushi. Kat-bak yana ƙara mata zurfi da ɗan ruri lokacin da ka taka, ba tare da ya sauya halinta ba. Dawunfayif yana sauya halin: ƙarar tana ƙaruwa sosai, fiton turbo yana fitowa fili, tashin safe yana zama abin da maƙwabta za su san da shi, wani lokaci kuma a ji wani kaushi kamar kwano na karkarwa. Haɗa dawunfayif da kat-bak mara rezoneta shi ne hanyar da ta fi saurin kai mutum ga nadama.

Abin da ke korar mutane daga salansar da suka saya da murna ba ƙarar taka mai ba ce. Wani gunji ne mai nauyi da ke cika cikin mota idan kana tafiya a gudu ɗaya a babbar hanya. Dalilinsa lissafi ne mai sauƙi. Inji mai silinda huɗu yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi. A juyi 2,400 a minti, bugu 80 ke nan a daƙiƙa. A 3,000, bugu 100. Sauti mai irin wannan kauri yana dacewa da tsawon bututu da girman ɗakin mota, sai su riƙa amsa wa juna, ya dinga danna maka kunne. Motarka kuma ba ta da but da aka raba da wurin zama, bangon da zai tare shi babu. Minti goma na farko za ka ce ai ba komai. Bayan awa biyu kai na sarawa, wanda ke kujerar baya ya daina magana. Bidiyon da ake sakawa a intanet ba ya nuna wannan, domin makirfon waya ba ya kama sauti mai kauri yadda ya kamata, kuma daga waje ake ɗaukar yawancinsu.

Maganinsa a ƙirar salansar yake. Rezoneta a bututun tsakiya tana rage shi. Wasu kamfanonin suna ƙara wani ɗan reshe mai toshasshen ƙarshe, wanda aka auna tsawonsa don sautin da ya shiga ya dawo ya kashe ɗan'uwansa. Honda ta yi irin wannan dabara a Civic Type R ta 2017, inda ƙaramin baki na tsakiya cikin ukun yake rage gunjin a babbar hanya. Akwai kuma masu bawul, ka buɗe idan kana nishaɗi, ka rufe idan kana dawowa gida da dare. Sun fi tsada, kuma bawul abu ne mai motsi a cikin zafi da ruwa, wata rana zai yi kuka ko ya maƙale. Milltek na Ingila, alal misali, yana sayar da kat-bak na motarka iri biyu, mai rezoneta da mara ita. Ɗauki mai ita. Kafin ma ka yanke hukunci a kan muryar motarka ta yanzu, ka sani GTI da yawa suna da wata ƙaramar na'ura, Soundaktor, a ƙarƙashin gilashin gaba, mai kaɗa shi don ƙirƙirar ƙarar inji. Wani ɓangare na abin da kake ji a ciki ba daga salansa yake zuwa ba, kuma da yawa suna kashe ta bayan sun sa ta gaske.

Faɗin bututu bai raba zaɓin biyu ba sosai. Inci 3, wato milimita 76, shi ne abin da aka saba sa wa injin lita 2.0 mai turbo. Kada ka raina rabin incin da ke tsakaninsa da inci 2.5, domin faɗin ramin ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Wuce nan zuwa 3.5 a turbon kamfani ƙarin gunji ne kawai da bugun ƙasan mota. Ka dai tabbatar lanƙwasar bututun irin wadda ake yi da sanda a ciki ce, mai barin faɗin yadda yake, ba wadda ke matse shi a kwana ba.

Ƙarfen da aka yi shi da shi ya fi muhimmanci a dawunfayif, inda zafin hayaƙi kan haura digiri 800 a ma'aunin Celsius idan ana matsa wa mota. Sitenles mai lamba 304, mai kashi 18 na kuromiyam da 8 na nikel, shi ne wanda zan nema a duka biyun. Mai lamba 409 ya fi araha, yana yin jan tsatsa a fuska amma yana daɗewa bai huje ba. Maganaɗisu yana kama shi sosai, 304 kuwa da ƙyar, ka ga hanyar gane abin da aka miƙo maka ke nan. Titaniyam, wanda Akrapovič na ƙasar Sulobeniya ya yi suna da shi, nauyinsa bai kai kashi 60 cikin ɗari na ƙarfe ba, muryarsa kuma ta fi kaifi. A motar tsere wannan ragin nauyi yana da amfani. A motar zuwa aiki, ranar da ya tsage za ka gane ba kowane mai walda ke iya taɓa shi ba.

Da ni ne kai, da garanti a hannu da doguwar tafiya a gaba, kat-bak zan sa, mai inci 3, na 304, mai rezoneta, ina sane da cewa murya na saya. Ranar da garanti ya ƙare, idan har yanzu ƙarfin kake so, sai ka ƙara dawunfayif mai katalis tare da saitin kwamfuta a rana ɗaya, daga wanda ya san injin EA888, wato irin injin motarka. Kat-bak ɗin da ka riga ka sa zai karɓe shi, ka ga ka isa turbo-bak ba tare da ka sayi abu ɗaya sau biyu ba. Amma ka tambayi mai sayarwa tun yanzu ko bakin haɗin zai hau dawunfayif na kamfani da na kasuwa duka, domin wasu sai da ɗan mahaɗi. Wanda ƙarfi kaɗai ya dame shi, ba ruwansa da garanti, zai iya yin akasin haka: ya sa dawunfayif da saiti, ya bar salansar kamfani a baya, motar ta yi gudu ba ta da hayaniya sosai.

Wajen ɗaurawa, a sa sabbin gasket, a daidaita bakunan da bamba kafin a ƙulle kusoshi, a kuma bar tazara tsakanin bututu da duk wani roba ko wayar da ke kusa, don sitenles yana miƙewa idan ya yi zafi. Bayan 'yan kwanaki a koma a sake ɗaure maƙalan, sukan saki bayan zafi da sanyi na farko. Tsohuwar salansar kuma kada ka bar ta a gareji a sayar wa 'yan gwangwan. Za ka neme ta ranar gwajin hayaƙi ko ranar sayar da motar.