Uzbek da Afrikaans: wanne zai fi saurin shiga kan Bahaushe?

Malam, ka tambaya ko Uzbek da Afrikaans suna da dangantaka, kuma wanne zai fi sauƙi ga Bahaushen da ya ɗaura niyyar koyo. Ta wajen asali dai ko hanya ba ta haɗa su ba. Uzbek ɗan gidan harsunan Turkawa ne, ɗan'uwansa na kusa shi ne Uyghur na yammacin Sin, kuma masu magana da shi sun haura miliyan 30 a Uzbekistan, arewacin Afganistan, Tajikistan da maƙwabtansu. Afrikaans kuwa daga bakin mutanen Holan ya tsiro, bayan jagoransu Jan van Riebeeck ya sauka a gaɓar Cape da ke kudancin Afirka a 1652. Waɗanda suka tashi da shi a gida wajen miliyan 7 ne, a Afirka ta Kudu da Namibiya.

Ko a shekaru ba sa'o'in juna ba ne. Uzbek yana jingina adabinsa ga Chagatai, tsohon harshen rubutu na Turkawan tsakiyar Asiya, wanda Alisher Navoi, haifaffen Herat a 1441, ya yi wa gata da waƙoƙinsa a zamanin da Farisanci ne harshen masu ilimi. Shi kuwa Afrikaans ya daɗe ana yi masa kallon Holancin madafa, na bayi da barori, sai a 1925 hukuma ta amince da shi.

In aka zo nahawu, Uzbek zura kalma yake kamar mai zura tsakiya a zare. "Uy" gida ne, "uylar" gidaje, "uylarim" gidajena, "uylarimda" a cikin gidajena. Da farko abin yana ba da tsoro, amma da wuya ƙa'idar ta saɓa, kana riƙe ɗafe-ɗafen sai hanya ta buɗe. Aikatau a ƙarshen jimla yake zama, kuma ba ruwansu da namiji da mace: "u" shi ne shi, shi ne ita. Mu da muke fama da kai da ke, naka da taki, wannan hutu ne babba.

Afrikaans ya bi wata hanyar, ya zubar da yawancin kayan nauyin da Holanci ke ɗauke da su. Aikatau ba ya sauyawa ko wa ke magana: "ek is", "jy is", "ons is", wato ni ne, kai ne, mu ne. Abin da ya fi burge ni shi ne korewarsa, domin irin tamu ce sak. Suna cewa "ek praat nie Engels nie", wato ba na jin Turanci, "nie" a gaba "nie" a baya, yadda muke cewa ban ga yaron ba. Bature kan manta ta biyun, Bahaushe kuwa da ita ya tashi. Wahalarsa tana wajen wasula masu yawa da yadda aikatau ke tsallakawa ƙarshen jimla a wasu wuraren.

Kalmomi kuma ya danganta da makarantar da ka yi. Mai Turanci zai karanta "my pen is in my hand" ya ɗauka Turanci ne, alhali Afrikaans ne tsantsa. Wanda ya zauna gaban malam a zaure zai ji "kitob", "qalam", "maktab", "dunyo" a Uzbek ya gane nan take, kuma haruffan q, x da g' da ke wahalar da Turawa su ne ƙaf da kha da gain da ya sani tun yana kan allo. Ba mamaki, ai Uzbekistan ƙasar Buhara da Tirmiz ce, garuruwan da ake danganta Imamu Buhari da Imamu Tirmizi gare su.

Inda suka haɗu da gaske shi ne rubutu, kuma nan nake so ka tsaya. Dukansu biyu an rubuta su da ajami. Musulmin Cape Town, jikokin bayin da aka kwaso daga tsibiran Indonesiya da Indiya, suna cikin na farko da suka sa Afrikaans a takarda, da haruffan Larabci, a makarantunsu na addini. Abubakar Effendi, malamin da Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta aika musu a 1862, ya rubuta Bayanud Din da wannan ajami, aka buga shi a Santambul a 1877. Fassarar Baibul cikakkiya zuwa Afrikaans sai a 1933 ta fito. Shi ya sa nake jin zafi in an ce harshen Turawan wariya ne kawai. Gaskiya ne gwamnatin wariyar launin fata ta mai da shi bulala, har ɗaliban Soweto suka fito zanga-zanga ranar 16 ga Yuni 1976 saboda an tilasta musu karatu da shi, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Amma fiye da rabin masu shi ba fararen fata ba ne, kuma har yau "baie", wato da yawa, da "piesang", wato ayaba, daga Malay suke.

Na Uzbek ya fi ban tausayi. Tarayyar Soviet ta raba shi da haruffan Larabci a ƙarshen shekarun 1920 ta ba shi na Latin, a 1940 ta sake mai da shi kan na Rasha, sannan bayan 'yancin 1991 aka yi dokar komawa Latin a 1993. A gida ɗaya sai ka tarar kaka da jika kowa da baƙaƙen da ya koya, littattafan kakanni kuma sai ƙwararru ke iya buɗe su. Mu da muke da waƙoƙin ajami jibge a ɗakunan malamai mun san wannan ciwo.

Saboda haka in kana da Turanci kuma sauri kake so, Afrikaans zai riga shiga bakinka nesa ba kusa ba. In Larabcinka ya fi ƙarfi, ko karatu ne zai kai ka Tashkent ko Samarkand, kama Uzbek, amma ka koyi haruffan Latin da na Rasha tare tun farko, domin jaridu da littattafai da dama a can har yanzu da na Rasha ake buga su.