Hague ko Yamai: ina ya dace a yi shari'ar kisan Tillia?

A watan Maris na 2021 'yan bindiga bisa babura suka kashe mutum 137 a yankin Tillia, jihar Tawa ta Nijar. In an kama jagororinsu, kotun manyan laifuka ta duniya, ICC, da ke birnin Hague na Holan za a kai su ko ta gida?

Nijar ba baƙuwar Hague ba ce. Ita ta miƙa wa kotun Ahmad al-Mahdi, wani mai iƙirarin jihadi ɗan Mali, a 2015, aka ɗaure shi shekara 9 saboda rusa hubbaren waliyyan Timbuktu, aka kuma ɗora masa diyyar yuro miliyan 2.7. A can ana ɓoye sunan mai shaida, kuma gwamnatin ƙasar da aka yi laifin ba ta iya taka wa alƙali birki. Sai dai kotun ba ta da 'yan sanda, manyan kawunan kaɗai take bi, ga jan ƙafa. Matar da aka kashe wa miji a Tillia, yaushe za ta ga bizar Holan?

Kotun ta'addanci ta Yamai kuwa tafiyar mota ce, tafintan Tamashek, yaren Buzaye, ba ya wuya, kuma tana iya kama har yaron da ya kai wa maharan fetur. Rauninta shi ne tsare mutane shekaru ba shari'a, ga mai shaida zai koma ƙauyen da 'yan bindigar ke karɓar "zakka".

Ni dai gida na zaɓa, da sharaɗin a kare shaidu. Inda nake shakka shi ne ranar da wanda ake zargi yake sanye da kaki. Ga shi a Satumban 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga ICC.