Ra'ayina Kan Na'urar Fitar da Iska da Muka Saka a Masana'antar Ƙanƙara

Shekara guda ke nan da muka haɗa na'urar fitar da iska mai sarrafa kanta da injinan amoniya (gas ɗin da ke samar da sanyi) na masana'antar ƙanƙararmu a Yamai, kuma a ganina ta cancanci kuɗinta, duk da cewa ina da ƙorafi a kan kamfanin da ya sayar mana da ita.

Iska tana shiga bututu duk lokacin da aka buɗe inji domin gyara, haka kuma tana silalewa ta mahaɗai idan sanyin ya sauka ƙasa da digiri 33 a ƙarƙashin sifiri, domin a nan matsin amoniya yakan kasa na iskar waje. Tun da ba ta komawa ruwa kamar amoniya, sai ta taru a kondansa, wato inda gas ɗin amoniya ke komawa ruwa, matsi ya hau, kwampireso, injin da ke matsa gas ɗin, ya yi zafi yana shan wuta. A watan Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40, allurar ma'aunin matsi takan kai inda injin ke tsayawa da kansa, alhali masu sayar da kifi suna jiran ƙanƙara a bakin ƙofa.

A da, babban makanikenmu yakan tsoma tiyo cikin bokitin ruwa, ya buɗe bawul a hankali yana kallon kumfa, har sai ruwan ya fara tsartsatsi da ƙara, alamar amoniya ce ke fita. Idanunsa kan yi jawur, kuma gas ɗin da muka saya da tsada yana bin iska. Na'urar kuwa tana zuƙo gaurayen iska da amoniya daga wuraren da iska ke taruwa ɗaya bayan ɗaya, ta sanyaya shi har amoniya ta koma ruwa ta mayar da ita cikin inji, sannan ta saki iskar ta cikin tulun ruwa. A makon farko tulun bai daina kumfa ba, abin da ya nuna mini yawan iskar da muka daɗe muna biya wa kuɗin wuta. Matsin ya sauka, kuma takardar kuɗin wuta ta kamfanin lantarki na NIGELEC ta shaida hakan.

Ƙorafina shi ne, masu haɗawa sun ɗaura ɗaya daga cikin bututun zuƙa a inda ruwan amoniya ke kwanciya maimakon inda iska ke taruwa, sai da suka dawo suka ɗaga shi. Littafin bayani ya zo da Ingilishi kawai, ma'aikatanmu kuwa Faransanci suka karanta, sannan da ƙaramin bawul na lantarki ya lalace, sai da muka jira makonni kafin ya iso daga waje.